Ɗigon da Kawu Ya Bar Mini a Rijiya

Daga Allah muke, kuma can za mu koma. Kawu ya riga mu ranar Talata da hantsi, a gidansa na Tourou, can gefen Parakou. Wan mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni. Labarin ya same ni a Djougou ina kwaɓa simintin zoben rijiya. Na wanke hannu na shiga mota. Kafin in iso an riga an kai shi.

Ban iya rubutu ba. Wannan da kuke karantawa bakina ne, hannun maƙwabcina tela. Na ce masa kada ya ƙara gishiri.

Mutane sun cika ƙofar gida har bakin hanya. Liman ya ce tun da Kawu ya tare a unguwar, shi liman bai taɓa riga shi shiga masallaci ba, sai dai ranar da ciwo ya kayar da shi. Wasu manya da kwat suka zo da motoci, waɗanda ya koyar a Onklou tun suna yawo ba takalmi. A tsakaninsu Faransanci suke yi, in sun juyo wajen tabarma su koma Hausa ko Dendi. Ɗayansu mai furfura ya ce har yau in ya ga huhun akuya a teburin mahauci sai ya tuna Mushe. Haka duk gari ke kiran Kawu da bakin Faransanci, wato malamin lakwal, makarantar boko. Ya yi dariya da ya faɗa, sai kuma ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu.

Wata Bafulatana mai nono ta zauna a bakin zaure ta ƙi shiga. Ta ce muryarta na cikin allon gilashin tsohon, tana so a gaya mata ko da shi aka binne. Aka ce mata a'a, allon na nan. Ta ce to, madalla. Ta ajiye ƙwaryar nono ta tafi, ko ƙwaryar ba ta jira ba.

Ni ban yi kuka ba. Na zauna a ƙarshen tabarma ina amsa gaisuwa. Sai wani ɗan zemijan, mai haya da babur, da ban sani ba, rigar aikinsa a kafaɗa, ya tsuguna gabana ya yi mini ta'aziyya, ya ƙura mini ido.

Ya ce, "Malam, kai ne na Djougou?"

Na ce daga can nake.

"Mai haƙa rijiya?"

Na ce a da.

Ya ce, "To, sannu da zuwa. 'Yata tana ajin Mushe. Ta ce akwai wani ɗigo a hoton rijiya, in an taɓa ba ya magana. In sun tambaya sai Mushe ya ce mai maganar yana hanya, daga Djougou yake. Shekara uku kenan. Yayanta ma ya jira, har ya wuce ajin."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Murna yake yi ya ga mutumin. Na ce masa Allah ya raya yaran. Ya tashi ya tafi, ni kuma na ajiye ruwan da aka miƙo mini ban sha ba.

Saboda wannan ɗigon nake wannan magana. Amma sai na fara gaya muku wane ne Kawu.

Mahaifina ya rasu ina da shekara takwas. Kawu ya zo ya ɗauke ni a bayan kekensa, ya kai ni gidansa, ya sa ni a ajinsa. Kwana tara na yi na gudu. Ya dawo da ni, na sake gudu. A karo na uku ya same ni a bayan gari ina kallon masu haƙa rijiya, tun safe ban ci komai ba. Na zaci duka zan sha. Ya jingine keke, ya tsuguna kusa da ni, muka kalli ramin tare.

Ya ce, "Wannan jar da suke fitarwa, mece ce?"

Na ce marmara.

"Ƙarƙashinta fa?"

Na ce yumɓu, in an wuce yumɓu a sami yashi mai jiƙa, daga nan sai ruwa.

Ya ce, "Kwana tara na kasa sa maka harafi uku a kai, su sun sa maka ƙasa huɗu a yini ɗaya. Tashi."

Ya kama hannuna ya kai ni wajen babban mahaƙin, ya ce ga ɗan ƙanwata, ka koya masa, in ya yi rashin kunya ka aiko mini. Daga ranar ya raɗa mini Sarkin Rami. Har na yi furfura haka yake kirana.

Mutum ne da ba ya yarda da baki kaɗai. Kowa na cewa gani ya kori ji, shi kuwa sai ya ƙara da cewa taɓawa ta kori gani. Ba ya wuce takarda mai hoto a ƙasa. Kalandar bara, kwalin magani, takardar gwangwanin kifi, duk sai ya yanke ya tara a akwatin ƙarfe. Iya, matarsa, ta ce ta auri malami ta tarar da ɗan bola. Ya ce bola ma makaranta ce, ita ce ba ta yi rajista ba. Huhun akuyar nan da mai furfura ya tuna, Kawu ne ya saye shi ranar kasuwa, ya kai aji, ya zura karan dawa a maƙogwaron ya hura. Huhu ya kumbura a hannunsa. Yara suka watse ta taga. Ya sa aka tattaro su, kowa sai da ya hura.

Yana da faɗa. In ka ce ka gane alhali ba ka gane ba, nan ne za ka ga ɓacin ransa. Yana cewa wanda ya ce bai sani ba ya yi rabin hanya, wanda ya gyaɗa kai kuwa ko takalmi bai sa ba. Yana shan shayi ba sukari, ya ce sukari na 'yan birni ne, amma in an ajiye dabino ba ya barin ƙwaya.

'Ya'yansa biyu suka rayu, namiji da mace. Taubasaina ne, ɗan mace da 'ya'yan namiji, kun san yadda ake. Ba gaisuwa tsakaninmu sai tsiya. Kowa na cewa ɗaya bawansa ne. Ni ina ce wa namijin Ɗan Mushe, mai hannun alli, wanda ko kaza ba ta tsoronsa. Shi yana ce mini gafiya. Macen kuwa in na shigo gida sai ta ce a ɓoye tukunya, ga na ƙarƙashin ƙasa ya fito. A ɗaki ɗaya muka kwana da namijin har na yi aure.

Taubashin nan nawa ya gama karatu yana jiran a ba shi aji. Yana da shekara ashirin da uku. Zaman ya ishe shi, ya ce zai riƙa bina aiki. A wani ƙauye ta wajen Partago aka kira ni yasar tsohuwar rijiya. Ta yi shekaru a rufe da itace da ƙasa, ganye da shara sun ruɓe a ciki.

Mu mahaƙa muna da ƙa'ida. Rijiyar da ta daɗe a rufe ba a shiga sai an gwada ta da wuta. A kunna fitilar aci-balbal, a ɗaura a igiya, a zura a hankali har ƙasa. In ta ci gaba da ci, iska na da kyau. In ta mutu, mutum ma zai mutu. Sai a sare rassa masu ganye a riƙa zurawa ana jawowa, a bar bakin a buɗe, a dawo gobe a sake gwadawa. Wannan shi ne abu na farko da aka koya mini, kafin a ba ni dagi.

Ranar na manta fitilar a inda muka sauka, tafiyar da ba ta kai shan shayi ba. Amma ina da sabuwar tocila mai batir huɗu, ina ji da ita. Taubashina ya ce mu koma mu ɗauko fitila. Na ɗaure tocilar a igiya na zura. Ta haska har ƙasa, tas.

Na ce, "Ga ta can, ba ta mutu ba."

Ya ce, "Gafiya, tocila ba ta numfashi."

Na san gaskiya ya faɗa. Na fi shi sani. Amma mutanen ƙauye na tsaye, suka yi dariya, kuma dariyar a kaina take. Sai na ce, "Ku gafarce shi, ɗan Mushe ne. Ko bayan gida zai shiga sai ya nemi takarda. Koma gida ka riƙe wa babanka alli, rami na maza ne."

Wasa ne. Irin wanda muka yi sau dubu. Ya yi murmushi, ya cire riga ya miƙo mini, ya ce, "Riƙe wa ubangidanka." Ya sa ƙafa a ramukan da ake takawa a jikin rijiyar ya fara sauka, ko igiya bai ɗaura ba. Ina riƙe da rigar. Ina iya cewa tsaya. Ban ce ba, ina jira ya tsorata ya hauro in samu abin tsokana na shekara.

Ya wuce rabi. Ya ɗago kai kamar zai yi magana. Sai hannunsa ya saki.

Na ɗaura igiya a ƙugu na bi shi. Abin da na tuna, kaina ya yi nauyi, ƙafafuna suka zama na wani. Ba wari, ba zafi. Na farka a kan ƙasa ana zuba mini ruwa. Wani dattijon ƙauyen ne ya sa aka jawo ni. Taubashina kuwa sai bayan la'asar aka fito da gawarsa.

Da muka kai shi gida, Kawu ya duba fuskar ɗansa, ya rufe. Ya juyo ya tambaye ni abu ɗaya.

"Kun gwada da wuta?"

Na ce, "Mun gwada."

Ya dube ni. Ya ce, "To. Kwana ya ƙare." Bai sake tambaya ba.

Wannan ƙaryar na riƙe shekara ashirin da shida. Na ci gaba da haƙa, don ban iya komai ba. Ban sake shiga rami ba tare da wuta ta riga ni ba. Ƙirjina bai koma daidai ba, daga baya na bar shiga na koma yin zoben siminti. Wasa tsakanina da taubashiyata ya mutu ranar. Ba wanda ya hana. In na zo sai ta ce sannu da zuwa, in ce yauwa. Kawu bai canza mini ba ko kaɗan. Da matata ta haihu shi ya kawo rago. Da na kwanta asibiti wata biyu, shi ya zauna a kaina yana kore ƙuda da kalanda. Alherinsa ya fi mini duka ciwo. Na rage zuwa Parakou. Sallah zuwa sallah, wata shekarar ko sallar ba na zuwa.

Bayan Kawu ya yi ritaya ya kasa zama. Taubashiyata ta gaje shi, tana koyarwa a wata ƙaramar makarantar unguwa mai haɗa Faransanci da Larabci. Ya roƙi a bar shi ya riƙa shiga aji sau biyu a mako, kyauta. A nan ne ta dawo daga wani horo da allon gilashi, tabulet suke ce masa, da ƙaramin majigi mai haska hoto a bango. Ta nuna masa yadda ake ɗaukar hoto a ɗora masa ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo in yaro ya taɓa, sai murya ta fito, ko rubutu, ko wani hoton. Iya ta ce ranar ko abincin rana bai ci ba. Ya ce shekara arba'in yana yankan kwali yana jiran wannan abin, sai da idonsa ya mutu ya zo.

Yatsansa kauri gare shi, ya taɓa nan abu ya buɗe can. Ya yi ta faɗa da allon kamar yaro mai taurin kai, har ya iya. Sai ya kafa doka: ba zai sa muryarsa a kan abin da bai yi gumi a kansa ba. Hoton saniya, Bafulatanar nan ce ke faɗin sunan kowace gaɓa da yadda ake gane mai ciwo. Hoton kunyar doya, wani manomi ɗan yankin. Injin babur, makanikin bakin kasuwa. Masaƙa, har Djougou ya zo ya ɗauki muryar wani tsohon masaƙi. Kowa da harshensa, taubashiyata ta sa Faransanci a ƙasa. Tsoho ya haura saba'in yana shiga motar haya da allo a jakar fata, ana matse shi da buhunan gawayi.

Sai ya zo kan rijiya. A Tourou kusan kowane gida da rijiyarsa. Da rani in ruwa ya ja baya, guga ya tsinke, yara ake zurawa su ɗauko, don su ne marasa nauyi. Kawu ya ga an yi haka a maƙwabtansa, ya fita da sanda ya tarwatsa taron. Ya dawo ya zana rijiya da hannunsa a babbar takarda, kamar an tsaga ta biyu ana ganin cikinta, ya ɗauki hoton zanen. Ya sa ɗigo bakwai. Baki, murfi, guga, marmara, yumɓu, idon ruwa. Waɗannan shida ya sami masu magana. Na bakwai ya sa shi a inda babu komai, a cikin duhun da ke saman ruwa.

Sau uku ya zo mini Djougou.

Zuwan farko ya buɗe allon a kan zoben siminti, ya ce in taɓa. Na taɓa murfi, wani kafinta ya yi magana. Na taɓa na cikin duhun, shiru. Ya ce, "Wannan naka ne, Sarkin Rami. Iskar ƙasa. Ka gaya musu yadda take da yadda ake gwada ta." Na ce aiki ya yi mini yawa, wani lokaci. Ya ce to.

Zuwa na biyu muka yi faɗa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Na ce, "Kawu, so kake ka manna ni a bango yara su yi kallo?"

Ya ce, "Fuskarka ba ta koyar da kowa komai, sai dai ta hana su barci. Murya nake so."

"Mahaƙa sun cika gari. Ka nemi wani."

"Sun cika gari. Wanda ya shiga iskar nan ya fito da rai, kai kaɗai na sani."

"Ka nemi likita."

"Likita ya karanta. Kai ka shaƙa. Yaro ya san bambancin, ko bai iya faɗa ba. Minti ɗaya kawai, yara ba sa zama fiye da haka."

Sai na faɗi abin da har in mutu ba zan daina jin sa ba. Na ce, "Ɗanka ya mutu, kai kuma so kake ka mai da shi darasi."

Ya rufe allon, ya sa a jaka, ya ɗaure igiyar jakar a hankali.

Ya ce, "Me kake so in mai da shi?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Ban raka shi ba. Daga baya aka gaya mini motar Parakou ta riga ta tashi, ya zauna a tasha a rana har wata ta cika.

A raina na ɗauka tarko ne. Na ce tsohon nan yana zargina, yana so in buɗe baki a kan wuta da fitila, in yi tuntuɓe, ya kama ni. Wanda ya ɓoye abu, kowace ƙofa aka buɗe gani yake tasa ce.

Zuwa na uku, bara ne bayan damina. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Matata ta yi masa sakwara, ya ci loma uku. Jakar na kan cinyarsa tun da ya zauna har ya tashi. Hannunsa na kanta. Ya tambayi yara, ya tambayi ƙirjina, ya ce siminti na cin huhu, in riƙa ɗaura ƙyalle. Bai buɗe jakar ba, bai ambaci rijiya ba. Ni ma ina kallon jakar, ina jira ya tambaya in ce to. Wallahi ranar da ya tambaya da na yi. Shi yana jira in ce kawo, ni ina jira ya ce ga shi. Haka la'asar ta same mu. Na raka shi tasha wannan karon. Da zai shiga mota ya ce, "Sarkin Rami, hanyar Parakou an gyara ta." Na ce na ji. Ganina da shi na ƙarshe kenan.

Ranar sadakar uku Iya ta aiko a kira ni cikin gida. Tana zaune a kan tabarma da carbi, ta sa aka fita aka bar mu.

Ta ce, "Zauna, ɗana. Zan karya maganar mamaci, Allah ya yafe mini. Dattijon da ya jawo ka daga rijiya ya zo gaisuwa a kwana na biyu. Ya gaya wa kawunka komai. Tocila, da abin da ka ce, da rigar da ka riƙe."

Na ce, "Tun lokacin?"

"Tun lokacin. Na ce ba za ka sake taka gidan nan ba. Ya ce rijiya ta ci masa ɗa ɗaya, ba zai miƙa mata na biyu da hannunsa ba. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, ko ga 'yarmu. Shekara biyu ban iya kallonka ba, kai ba ka lura ba, don kai ma ba ka kallon kowa."

Na ce, "Me ya hana shi gaya mini?"

Ta ce, "Na tambaye shi. Ya ce in ya faɗa maka, ya zama shi ya sauke maka kayan, kai kuma za ka ci gaba da jin nauyinsu. Ya ce sai ka sauke da kanka. Kai kuwa jinin uwarka ne, taurin kai kamar marmara." Ta ja carbi. "Ni ban ce ya yi daidai ba. Da ya faɗa, da kun sha shayi tare shekara ashirin. Ku biyun duk kun cuce ni."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun tuni, ba don ni ba, don ta samu ta yi barci.

Washegarin sadakar bakwai na je makarantar. Na bari sai da aka tashi yara. Taubashiyata na share allo. Ta ce sannu da zuwa. Na ce na zo wajen ɗigon.

Ta tsaya da tsumma a hannu. Ta buɗe jakar fatar, ta kunna majigi, rijiyar Kawu ta fito a bango, da layukan hannunsa masu rawa. Ta taɓa cikin duhun, ta miƙo allon kusa da bakina, ta ce in ta ɗaga yatsa in fara.

Na ce: "Yara, a ƙasan rijiya akwai iskar da ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kashe babba kafin ya kira sunan Allah. Kada ku shiga, ko wa ya aike ku, ko guga na zinariya ne. Manya in za su shiga, sai sun zura wuta mai ci. In ta mutu, ba a shiga. Tocila ba ta gwada iska, tocila ba ta numfashi. Wanda ya gaya mini haka ɗan Mushe ne. Ya ce mu ɗauko fitila, na yi masa dariya a gaban mutane, na ce shi matsoraci ne. Ya shiga don dariyata, bai fito ba. Shi ne mai gaskiya. In wani ya ce muku matsorata a bakin rijiya, ku ce e, ku tafi gida."

Ta sauke yatsa. Ta ajiye allon a tebur, ta je bakin taga ta ba ni baya. Na tsaya. Na ji ana kiran sallar azahar, aka gama, ba ta juyo ba.

Da ta juyo idonta ya yi ja. Ta ce, "Baba ya sani?"

Na ce ya sani. Iya ma.

"Ni kaɗai aka bari."

Na ce e.

Ta dubi allon. Ta ce, "Ana iya yanke ƙarshen. A bar maganar wuta kawai."

Na ce a bar shi duka.

Ta gyaɗa kai. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, ba ranar ba ce. Ta taɓa ɗigon. Muryata ta fito daga bango, a ajin da babu kowa sai bencina. Ban taɓa jin ta daga waje ba. Muryar tsoho ce.

Ta duba ƙasan allon ta ce, "Daƙiƙa hamsin da biyu. Baba ya ce kada a wuce minti ɗaya."

Daƙiƙa hamsin da biyu. Abin da ya shiga motar gawayi sau uku yana nema kenan. Da bakina na hana shi, ya tafi bai ji ba.

Ta naɗe wayar majigi, ta sa allon a jaka, ta ɗaure igiyar yadda yake ɗaurewa. A bakin ƙofa ta ce ranar Alhamis ne darasin rijiya, in ina gari. Na ce ina gari.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa ramin da ya shiga, ya sa iskarsa ta fi ta duniya daɗi. Allah ya haɗa shi da ɗansa. Wanda ya karanta wannan ya yi musu Fatiha su biyu. Ni kuma ku roƙa mini in same su da fuskar da zan iya ɗagawa.